Hoton dayatom na teku: wane haske za ka zaɓa, farin fili, karkace, baƙin fili, fes ko DIC?

Dayatom wani nau'in gansakuka ne da dukan jikinsa ƙwayar halitta ɗaya ce tak. Yana zaune cikin kwanson da ya gina da silika, wato asalin abin da ake yin gilashi da shi, kuma kwanson gida biyu ne, ɗaya ya shige cikin ɗaya kamar gwangwanin man takalmi da murfinsa. A jikin kwanson akwai ramuka da layuka a jere, su ne ake gane jinsi da su, su ne kuma mai ɗaukar hoto yake nema. Wahalar ita ce abu ne mai kama da gilashi a cikin ruwa, a kan gilashi, a ƙarƙashin gilashi. Haske yana ratsa shi ya wuce, ba ya barin inuwa sosai.

Wannan ne ya sa masu sayen maikuroskof, wanda aka fi sani da madubin likita, suke gaggawar tambayar wane tsarin haske ya fi. Tambayar tana da kyau, amma akwai biyu da suka riga ta: a raye kake son halittar ko kwansonta kawai, kuma a cikin me za ka kwantar da ita. Amsar waɗannan biyun ce take nuna hasken da ya dace, har ma takan nuna cewa tsarin da ya fi tsada ba lallai ba ne.

A raye ko a wanke

Samfuri mai rai yana ba ka launi. Dayatom mai lafiya ruwan zinare ne da ya karkata zuwa ƙasa-ƙasa, saboda sinadarin fukozantin da ke rufe koren da ke cikinsa. Yana ba ka siffar sarƙa ma: Chaetoceros da dogayen gashinsa, Skeletonema da siraran sandunan da ke haɗa ƙwaya da ƙwaya, Licmophora da ke buɗewa a jikin ciyawar teku, Bacillaria da ƙwayoyinsa ke zamewa gefen juna suna miƙewa suna dawowa. Abin da ba ya bayarwa shi ne zanen kwanso, domin kayan ciki sun tare shi.

Ana kama na cikin ruwa da ragar filankton, wato ƙananan halittun da ke yawo a ruwa, mai ido maikuromita 20 (maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Na jikin ciyawa da duwatsu ana goge su da buroshin haƙori a cikin ɗan ruwa. Masu tafiya a kan laka, irin su Pleurosigma da Navicula, idan ruwa ya janye sai a shimfiɗa takardar goge gilashi a kan lakar na 'yan sa'o'i, su da kansu za su hau ta neman haske. A ajiye kwalba a sanyi, kada a cika ta, a duba a ranar. Samfurin da aka tattara da raga ya yi cunkoso, kuma cikin zafi yakan mutu kafin dare. Idan tafiya da nisa, a ɗiga ruwan Lugol, wato wani haɗin aidin, har ruwan ya yi launin shayi mara kauri. Zai riƙe siffa, amma launin asali ya tafi ke nan.

Kurakurai biyu ke ɓata hoton mai rai. Na farko murfin gilashi ya danne manyan ƙwayoyi, kamar Coscinodiscus da faɗinsa kan kai maikuromita 200 ko fiye, sai kwanson ya tsage. Maganinsa ɗan ɗigon basilin a kusurwa huɗu na murfin don ya ɗaga kaɗan. Na biyu ruwa ya riƙa bushewa daga gefe: gishiri ya ƙaru, kayan cikin ƙwayar su tsuke su janye daga bango, ruwa kuma ya fara gudu yana jan komai zuwa gefe ɗaya. Idan za a daɗe a kan faifai ɗaya, wato fallen gilashin da ake ɗora samfuri a kai, a zagaye gefen murfin da basilin gaba ɗaya.

Wanke samfuri kuwa yana nufin ƙone duk naman da ke ciki a bar silika zalla. Hanyar da ta fi sauƙin haɗari ita ce ta haidurojin feroksaid. A fara ɗauraye gishiri da tataccen ruwa sau uku. A zuba mililita 20 na feroksaid mai ƙarfin kashi 30 cikin ɗari a kan mililita 5 zuwa 10 na samfuri, a ɗora kwalbar a cikin ruwan zafi mai kusan digiri 90 na sa'a ɗaya zuwa uku, har kumfa ta tsaya, launin ƙasa ya tafi. Bayan ya huce a ɗiga 'yan ɗigon asid haidurokulorik mai rauni don narkar da ɓarɓashin katantanwa da makamantanta. Sai ɗauraya sau huɗu ko biyar, kowane karo a juya a santirifuj, wato injin da ke juya kwalba da sauri don samfuri ya kwanta, minti 4 a kan juyi 1200, ko a bar shi ya kwanta dare guda kafin a tsiyaye. Duk wannan da safar hannu da tabaron kariya, a wuri mai iska, domin feroksaid mai wannan ƙarfi yana ƙona fata.

A nan akwai asarar da ya kamata a sani tun farko. Jinsunan da silikarsu ba ta da kauri, kamar Chaetoceros da Rhizosolenia, wanki yana wargaza su, sarƙa ta tsinke, gashi ya kakkarye. Su a raye ko a Lugol ake ɗaukarsu. Masu kauri irin su Coscinodiscus, Triceratium, Actinoptychus, Arachnoidiscus da Pleurosigma su ne wanki ke fito da kyansu.

Abin da aka kwantar da kwanso a ciki

Ido yana ganin abu mai ratsa haske ne gwargwadon bambancin ƙarfin lanƙwasa haske tsakaninsa da abin da ke kewaye da shi. Ma'aunin silikar dayatom kusan 1.43 ne. Ruwan teku 1.34, bambanci 0.09 ke nan. Gilisarin 1.47, bambancin ya ragu zuwa 0.04, kwanso ya kusa ɓacewa ɗungurungum. Ƙaron balsam na Kanada, wanda aka saba liƙa faifai da shi, 1.52 ne, shi ma bambancinsa bai wuce 0.09 ba. Naphrax kuwa, wani ƙaro da ake kwantar da dayatom a ciki, kusan 1.73 ne, bambanci 0.30, ya ninka na balsam sau uku. Pleurax da Zrax su ma suna wannan sahu na 1.7 zuwa sama.

Waɗannan alƙaluma su ne ginshiƙin zaɓin duka. Kwanson da ke cikin Naphrax yana fitowa sarai a ƙarƙashin haske mafi arha. Wanda ke cikin balsam ko ruwa sai an nemi dabarar haske mai tsada kafin ya nuna layukansa. Ƙaramar kwalbar Naphrax tana yin faifai masu yawa, kuma kuɗinta bai kai ko kusa da na firizim guda ɗaya na DIC, tsarin haske mai tsada da za a yi bayaninsa a gaba, ba.

Yadda ake kwantarwa: a tsarma wankakken samfuri da tataccen ruwa har ya zama da ƙyar ake ganin farinsa idan an ɗaga kwalba ga haske. A ɗiga kusan rabin mililita a kan murfin gilashi mai lamba 1.5, wato kauri milimita 0.17, a rufe shi daga ƙura, ya bushe da kansa dare guda. Busarwa da wuta tana sa ƙwayoyi su taru a gefe su hau juna. Sai a sa ɗigon Naphrax a kan faifai, a kifa murfin a kai, a ɗora a kan farantin zafi mai kusan digiri 130 har toluwin ɗin da ke ciki ya tafasa ya fita, kumfa ta ragu. A sauke, a danna kaɗan, ya huce. Idan murfi yana motsi bayan ya huce, toluwin bai gama fita ba, kuma ma'aunin bai kai 1.73 ba, a mayar da shi wuta. Idan ka ga hazo fari a ciki, samfurin bai bushe sosai ba. Idan ka ga 'yan duwatsu masu kusurwa huɗu warwatse, gishiri ne, ɗaurayar ba ta isa ba.

A kan murfi ake busar da samfuri, ba a kan faifai ba. Dalili shi ne objektif, wato gilashin ƙasa da ke fuskantar samfuri, an ƙera shi ne don abin da ke manne da ƙasan murfi mai kauri 0.17. Idan kwanso ya nutse can ƙasan ƙaro, hoto ya yi laushi, objektif 100x kuma ya taɓa murfi kafin ya kai ga fokos.

NA ya fi yawan girmamawa muhimmanci

A jikin kowane objektif akwai lamba biyu, misali 40x/0.65. Ta biyun ita ce NA, faɗin mazugin hasken da gilashin ke iya karɓa, kuma ita ke iyakance ƙanƙantar abin da za a rarrabe. Lissafin da ya samo asali daga aikin Ernst Abbe na 1873 shi ne a raba tsawon zangon haske da jimillar NA na objektif da na kondensa, wato gilashin da ke ƙarƙashin faifai yana tattara haske zuwa samfuri. Koren haske maikuromita 0.55 ne. Da 40x/0.65 da kondensa a buɗe daidai da shi, za ka rarrabe 0.42. Idan ka tsuke kondensa ƙwarai, NA ɗinsa ya kusa sifili, sai iyakar ta koma 0.85.

Dubi abin da wannan ke yi wa Pleurosigma angulatum, wanda tazarar layukan ramukansa kusan rabin maikuromita ce. Da kondensa a buɗe, ɗige-ɗigen suna nan amma sun dushe. Ka tsuke shi don hoto ya yi duhu ya fito, gefen kwanso ya yi kauri ya yi kyau a ido, ɗige-ɗigen kuma su ɓace sam. Wannan ja-in-ja tsakanin fitowa da rarrabewa shi ne dalilin da ya sa aka ƙirƙiro sauran tsarin haske.

Kafin a gwada kowane tsari sai an daidaita haske bisa hanyar da August Köhler ya bayyana a 1893. A saita fokos a kan samfuri da 10x. A tsuke ƙofar haske ta ƙasa, wadda ke kan fitila, a ɗaga ko a sauke kondensa har gefen ƙofar ya fito tsaf, a kawo ta tsakiya da sukurori biyu na kondensa, a buɗe ta har ta ɗan wuce filin gani. Sai a zare maleƙa, gilashin da ake sa ido a kai, a leƙa bututu, a tsuke ƙofar kondensa har haske ya cika kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na da'irar da ake gani. Duk canjin objektif sai an sake wannan. Wasu madubai da ake gwajin maleriya da su ba su da ƙofar ƙasa, amma ana iya daidaita tsayin kondensa da ƙofarsa, kuma 100x/1.25 ɗinsu ya isa aikin dayatom.

Farin fili

Shi ne hasken da kowane madubi ke zuwa da shi. A kan wankakken samfuri cikin Naphrax, babu abin raini a gare shi, kuma shi ne ya fi faɗin gaskiya: abin da ka gani bai da inuwar ƙarya, ba shi da farin zobe a gefensa. Hoton da za a ƙirga layuka a cikin maikuromita 10 don tantance jinsi ya fi aminci a nan. A kan mai rai, shi ke ba da launin zinare na ainihi. Rauninsa siraran abubuwa cikin ruwa, gashin Chaetoceros kan ɓace sai an tsuke kondensa har hoto ya lalace. Idan objektif ɗinka akuromat ne na gama-gari, za ka ga layukan launi a gefen kwanso. Sa tace mai launin kore, ka mayar da hoton fari da baƙi, kaifin zai ƙaru a fili domin a kore ne aka fi gyara waɗannan gilasai.

Hasken karkace

Wannan shi ne tsarin da ya cancanci a daɗe a kansa, domin kusan kyauta ne kuma ribarsa babba. A maimakon haske ya taso ta tsakiya, sai a tare mafi yawansa a bar shi ya shigo ta gefe ɗaya. A yanka baƙin kwali daidai girman mazaunin tace da ke ƙarƙashin kondensa, a huda shi a gefe da siffar jinjirin wata, a buɗe ƙofar kondensa gaba ɗaya. Ko kuma a tura mazaunin tacen rabi kawai ya tare haske. A zare maleƙa a duba: hasken ya kasance a can bakin da'irar, ba a tsakiya ba.

Abin da ke faruwa shi ne hasken gefe yana amfani da dukan faɗin objektif, don haka rarrabewa ba ta ragu ba, amma gefe ɗaya na kowane rami ya yi haske ɗaya ya yi duhu, sai zane ya taso. Pleurosigma da ya ƙi nuna ɗige-ɗigensa a farin fili yakan nuna su nan take da 40x/0.65. Sharaɗi ɗaya: hasken ya zo a gicciye da layukan da kake nema. Idan ya bi tsawonsu ba za su fito ba, sai a juya kwalin ko faifan.

Ga masu son kaiwa iyaka, jinsin da ake gwada gilashi da shi shi ne Amphipleura pellucida na ruwan daɗi, mai layuka kusan 40 a cikin maikuromita 10, tazara kusan 0.25. Da 100x/1.25 da busasshen kondensa, wanda NA ɗinsa ba ya kai 1.0 komai lambar da aka rubuta a jikinsa, lissafi yana tsayawa a bakin 0.25, da ƙyar. Ka sa man nutsarwa, mai ma'auni 1.515, tsakanin kondensa da ƙasan faifai, iyakar ta sauka zuwa 0.22. Ka ƙara shuɗin tace na nanomita 450, ta koma 0.18. Wannan ɗigon mai a kan kondensa mutane da yawa ba sa sa shi, alhali ba tare da shi ba wani ɓangare na ƙarfin 100x ɗinsu yana kwance.

Aibin hasken karkace shi ne bango ba ya yin daidai, gefe ɗaya ya fi ɗaya haske, kuma da kondensar Abbe ta gama-gari launuka kan ɓullo a gefuna. Ana gyara bango ta ɗaukar hoton fili babu komai a raba da shi a kwamfuta. Akwai kuma wani salo, a sa zoben fes na kondensa (bayanin fes na nan gaba) a ƙarƙashin objektif da ba na fes ba, haske ya zo a karkace ta kowane gefe, bango ya daidaita.

Baƙin fili

A nan ana tare tsakiyar haske gaba ɗaya da baƙin da'ira, sai hasken da samfuri ya watsa kaɗai ke shiga objektif. Bango baƙi ƙirin, dayatom na ƙyalli. Da 4x, 10x da 20x, baƙar da'irar kwali da aka manna a tsakiyar farin tace ta isa, a yanka girma uku ko huɗu a gwada har bango ya yi baƙi sosai. Mai kondensar fes ya juya zuwa zoben Ph3 a ƙarƙashin 10x, zai sami baƙin fili ba tare da yanka komai ba. Daga NA 0.65 zuwa sama dabarar kwali takan gaza, sai kondensa ta musamman mai mai, objektif 100x kuma sai mai ƙofa a ciki da za a rage NA ɗinsa zuwa kusan 1.0.

Don kyau, babu kamarsa a ƙaramin girmamawa. Wankakkun Actinocyclus da Pleurosigma kan yi shuɗi, kore ko ruwan hoda, ba don suna da launi ba, sai don jerin ramukansu yana rarraba farin haske. Idan aka sa da'ira mai launi a maimakon baƙa, kamar yadda Julius Rheinberg ya nuna a 1896, bango ya ɗauki launi ɗaya samfuri ya ɗauki wani. Amma don tantance jinsi ba shi ne zaɓi ba: wurare masu kauri suna ƙonewa fari fat, kowace ƙura da kowane zanen yatsa a kan faifai yana haskawa, hasken kuma kaɗan ne, don haka mai rai da ke motsi zai fito a shafe sai da filasha.

Maganar ƙura ta shafi mai aiki a lokacin hunturu ta wata fuska ta daban. Ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a Chadi tana ɗauke da ɓarɓashin dayatom na ruwan daɗi, ragowar tsohon babban Tafkin Chadi, musamman Aulacoseira. Murfin da aka bari a buɗe yana bushewa zai iya samun baƙin da ba daga teku suka zo ba. A rufe shi da ƙwaryar gilashi.

Fes da DIC

Su biyun ne ake sayen kayan aiki na musamman dominsu, kuma a nan ne kuɗi ke tafiya, don haka a auna da kyau.

Fes, wato phase contrast, tsarin da ke mayar da bambancin lanƙwasa haske ya zama haske da duhu, wanda Frits Zernike ya ƙirƙiro ya kuma sami kyautar Nobel a kansa a 1953, yana buƙatar objektif mai zobe a ciki da kondensa mai zoben da ya dace da shi, Ph1, Ph2 ko Ph3. Dole zobban biyu su hau juna daidai, ana duba wannan da ɗan madubin saiti da ake sakawa a gurbin maleƙa. In sun goce ko kaɗan, hoto ya koma kamar hasken karkace mara kyau. Ƙarfinsa yana wurin abubuwa sirara cikin ruwa: gashin Chaetoceros, sandunan Skeletonema, zaren da ke haɗa ƙwayoyin Thalassiosira, bangon Rhizosolenia. Mai ƙirga filankton a raye ko a Lugol zai more shi ƙwarai. Aibinsa farin zoben da ke zagaye kowane abu mai kauri. A cikin Naphrax, inda bambanci ya riga ya yi yawa, zoben yana cinye gefen Triceratium ko Coscinodiscus har ya rufe abin da ake nema. Wanda aikinsa wankakkun kwanso masu kauri ne ba shi da dalilin sayen fes.

DIC, wato differential interference contrast, tsarin da ke sa abu ya fito kamar mai tudu da kwari, bisa ƙirar Georges Nomarski ta shekarun 1950, yana da sassa huɗu: tacen daidaita haske biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama, da firizim biyu, ɗaya a kondensa ɗaya a saman objektif. Yana aiki da kondensa a buɗe, don haka ba a rasa rarrabewa, ba zobe, kuma yana yanka siririn falle guda daga cikin ƙwaya mai kauri ya bar na sama da na ƙasa su dushe. A kan mai rai shi ne mafi kyau ba jayayya: ka ga kayan ciki, ka ga ɗigon mai, ka sauke fokos kaɗan ka ga ramukan kwanso a ƙwaya ɗaya.

Sai dai a san abu huɗu kafin a biya. Tudun da yake nunawa ba tudun gaske ba ne, bambancin lanƙwasa haske ne, rami kan iya fitowa kamar ƙullutu. Yana da makauniyar kusurwa, layukan da suka bi ta ba sa fitowa, don haka ana son teburin da ke juyawa. Roba tana kashe shi, samfuri a cikin farantin roba ba zai yi ba, sai gilashi. Kuma kowane rukunin objektif yana da firizim ɗinsa, daga kamfani ɗaya da zamani ɗaya, cikakken saiti kan fi tsohon madubin kansa tsada. Mai sayen na hannu ya ɗaga firizim ga haske ya duba, tsofaffi kan fara rabuwa daga gefe inda ƙaron da ya liƙa su ya saki.

A kan wankakken faifai cikin Naphrax, tazarar da ke tsakanin DIC da hasken karkace da aka saita da haƙuri ba ta kai tazarar kuɗinsu ba. DIC ya fi shi tsabtar bango da saurin saiti. A kan mai rai ne tazarar take da faɗi.

Kyamara

Waya a kan maleƙa tana aiki idan an sa ta a mariƙi mai sukuro, aka daidaita nisa har da'irar ta cika ba duhu a gefe. A kulle fokos da haske, a hana ta sauya gilashi da kanta, a yi amfani da agogon jinkiri. Matsalarta manhajar ciki da ke goge hoto tana ƙara kaifi, takan shafe ramuka na gaske ko ta zana waɗanda babu. In tana ɗaukar RAW, a kunna shi.

Kyamara mai cire gilashi a kan bututu na uku ta fi kowace ba da iko. Abokin gabarta girgiza: a 40x, motsin maikuromita ɗaya ya isa ya shafe layuka, don haka a yi amfani da shata (shutter, murfin da ke buɗewa a ɗauki hoto) ta lantarki, a sarrafa daga kwamfuta, ISO 100 ko 200. A farin fili kyamara takan rage haske bango ya yi toka, a ƙara mataki ɗaya zuwa biyu. Tsofaffin madubai masu bututu milimita 160 na Zeiss, Leitz da Olympus BH2 suna barin wani ɓangare na gyaran launi ga maleƙa, Kpl, Periplan ko NFK. In aka cire ta aka haska kai tsaye a kan kyamara, launuka za su ɓullo a gefen hoto.

Yawan megafiksel ba shi ne abin nema ba. Abin da 40x/0.65 ke rarrabewa, 0.42, yana zama maikuromita 17 a kan allon kyamara, na 100x/1.25 ya zama 22. Fiksel mai maikuromita 4 ya wadatar har da rara. Ƙananan objektif, 4x da 10x, su ne ma suka fi buƙatar fiksel da yawa. Kowace kyamara aka zaɓa, a ɗauki hoton ma'aunin faifai, milimita ɗaya da aka raba gida 100, da kowane objektif, a sa sandar awo da manhajar ImageJ. Rubuta 400x a ƙarƙashin hoto ba ya nufin komai da zarar an canja girmansa.

Saura zurfin fokos. A 10x/0.25 kusan maikuromita 9 ne, a 40x/0.65 kusan 1.3, a 100x/1.25 kusan rabi. Kwanso mai tudu da kwari kamar Actinoptychus ba zai fito a hoto ɗaya ba, sai a ɗauki 20 zuwa 30 ana matsar da fokos maikuromita ɗaya-ɗaya ta fuska guda, a haɗa da Helicon Focus, Zerene Stacker ko Picolay wanda kyauta ne. A tsaya a kwanson sama. Idan aka zarce har na ƙasa, zanen biyu ya hau juna ya haifar da zane kamar igiyar ruwa da babu shi a jikin halittar. A kuma ajiye hoto ɗaya da ba a haɗa ba don ƙirga layuka.

To wanne?

Wanda ke da madubin ɗakin gwaji na gama-gari kuma zanen kwanso yake so, kuɗinsa ya fara zuwa ga feroksaid, Naphrax, murfi mai lamba 1.5, koren tace da man nutsarwa, ya yi aiki da farin fili da hasken karkace. In kuɗi ya ƙaru, objektif mai NA mafi girma, kamar 40x/0.75 ko 60x/1.4 da kondensar da ta kai shi, zai ba shi abin da wani tsarin haske ba zai bayar ba. Wanda ke bin filankton mai rai a gaɓar Legas, Akra ko Port Sudan don ƙirga da tantancewa, fes na 10x, 20x da 40x shi ne daidai aljihu da aiki, kuma kondensar za ta ba shi baƙin fili a ƙaramin girmamawa. Wanda ke son hoton ƙwaya mai rai da kayan cikinta a 40x zuwa sama, ko bidiyon tafiyar Navicula, shi ne DIC zai biya wa buƙata, ya haɗa da fitilar LED mai ƙarfi ko filasha domin tacen biyu suna cinye mafi yawan haske.

Wanda ke nesa da teku zai iya koyon duka wannan da dayatom na ruwan daɗi da ya goge daga jikin duwatsun bakin madatsa ko rafi, wanki da kwantarwa iri ɗaya ne sai dai babu wahalar gishiri. Ana kuma sayar da faifan gwaji mai jerin jinsuna daga mai sauƙi zuwa Amphipleura. Kafin ka biya kuɗin kowane objektif ko kondensa na hannu, ɗora wannan faifan, ka daidaita haske, ka ga a kan wane jinsi layuka suka daina fitowa.